Damina ta kawo kai: a fara da ganye a tsakar gidajen Zongon Kumasi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana mazauna Zongon Kumasi, tun daga Aboabo da Asawase da Sawaba har Tafo da Ayigya, a kan shuka kayan miya a gida, tunda ruwan farko na watan Maris ya fara sauka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda hotunan bidiyo na lambun Turawa suke yawo a WhatsApp da Facebook a irin wannan lokaci, ana nuna yadda mutum zai cika bayan gidansa da tumatir da karas da kabeji. Samarinmu da matanmu da dama sun nuna sha'awa, kuma sha'awar abin yabo ce. Sai dai wanda ya bi waɗannan hotuna sau da ƙafa zai yi asarar iri da kuɗi, sannan ya yanke hukunci cewa ƙasar Kumasi ce ba ta da kyau, alhali kalandar da ya bi ce ba tamu ba.

Mutumin Ingila ko arewacin Amurka sanyi ne yake tsara masa aikinsa. Yakan reni iri a cikin ɗaki tun ƙarshen hunturunsu, ya jira har sai ƙanƙara ta daina sauka a watan Afrilu ko Mayu kafin ya fitar da shi waje, sa'an nan dogayen ranakun Yuni da Yuli su yi masa sauran aikin. Mu kuwa muna zaune ne a kusan digiri 7 arewa da tsakiyar duniya, tsawon yini da dare kusan ɗaya ne duk shekara, kuma babu sanyin da yake kashe shuka. Ruwa ne yake tsara mana namu aikin. Kumasi tana da damina biyu: babba daga Maris zuwa Yuli, sai ruwa ya ɗan tsagaita a Agusta, sa'an nan ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kafin iskar hunturu ta shigo a Disamba. A shekara muna samun ruwa kimanin milimita 1,400, Accra kuwa wanda take samu bai wuce rabin wannan da yawa ba, don haka ko shawarar ɗan Nima ko Madina sai an tace ta kafin a yi aiki da ita a nan. Haka kuma abin da muke ji daga gidajen rediyon Kano da Sakkwato, duk da harshenmu ɗaya, ba zai zauna mana daidai ba, domin can damina ɗaya ce gajera, kuma lambu aikin rani ne da ake yi a fadama da ban ruwa, cikin busasshiyar iskar da ba ta barin cuta ta zauna a ganye.

Wannan ya kawo ni ga tumatir, wanda kowa yake so ya fara da shi saboda tsadarsa a kasuwa. Tumatir ba ya son babbar daminar Kumasi. Idan ruwa ya yi ta dukan ganyensa kuma iska ta cika da laima, sai ganyen ƙasa su fara ɗigon baƙi, su yi rawaya, su bushe, cutar ta yi ta hawa sama. Akwai kuma wata cuta da ke zaune a cikin ƙasa mai danshi, wadda za ka kwanta shukarka tana tsaye kore shar, ka wayi gari ta yi yaushi gaba ɗaya ba tare da ta rasa ruwa ba, kuma babu maganin feshi da zai tashe ta. Ga farin ƙuda da yake ɗauko cutar nannaɗe ganye, ga tsutsar da ido ba ya gani wadda take sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu. Ba banza ba ne 'yan kasuwarmu suke tafiya har Burkina Faso ɗauko tumatir a watannin rani, duk da muna da manoman Akumadan da Agogo a kusa da mu. Wanda ya nace sai ya shuka tumatir, shawarata ita ce ya jira ƙaramar damina, ya sa shi a buhu da sabuwar ƙasa a inda rana take samunsa amma ruwan sama ba ya dukansa kai tsaye, ya kafa masa sanda, ya riƙa ba shi ruwa a gindi ba a kan ganye ba. Albasa mai kai ma haka take: ƙasar bushewa take so, irin ta Galmi a Nijar ko ta Bawku. Duk mun tuna yadda farashinta ya yi tashin gwauron zabi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyakoki motoci suka maƙale a hanya. Amma maganin wannan a gida shi ne albasa mai lawashi, wadda take yi sosai a nan, kuma gindin da aka yanke aka saba zubarwa ma idan an dasa shi yakan sake toho.

Abin da ƙasar nan take bayarwa ba tare da gardama ba shi ne ganye, kuma shi ne abin da tukunyarmu take buƙata kullum. Babu gidan da ake tuƙa tuwon zafi ba a nemi ayoyo ba. Irin ayoyo yana da taurin ɓawo, shi ya sa wasu suke watsa shi su jira shiru, su ce irin ya mutu. A ƙulle shi a ɗan ƙyalle, a tsoma a ruwan da aka sauke daga wuta yanzu-yanzu na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, kamar ƙirga goma, a fitar a tsoma a ruwan sanyi, a shanya a inuwa ya sha iska, sa'an nan a shuka. Cikin 'yan kwanaki zai tsiro gaba ɗaya, kuma bayan mako 5 ko 6 za a fara yanka. Kada a tuge shi. A yanke sama a bar tsawon tafin hannu, zai yi rassa ya sake bayarwa sau da yawa. Alayyaho, wanda muke cewa alefu, ya fi shi sauri, domin a mako 3 zuwa 4 ya isa ci. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka a gauraya shi da yashi kafin a watsa, in ba haka ba zai fito a cunkushe ya yi siriri. Yakuwa ba ta da laulayi ko kaɗan. Shuwaka kuwa reshe ake yankowa a soka a ƙasa mai danshi, shi ke nan ta kama, ta zama ta shekaru. Inda rana ba ta shiga sosai, kamar lungun da ke tsakanin bango da bango, a sa makani don ganyensa, wato kontomire na maƙwabtanmu Asantawa, wanda yake jure inuwa fiye da sauran.

Bayan ganye sai kuɓewa da barkono da gauta. Kuɓewa a jiƙa irinta kwana ɗaya, a shuka ƙwaya biyu ko uku a rami, idan sun fito a bar mai ƙarfi; cikin wata biyu za ta fara 'ya'ya, kuma dole a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, domin idan aka bari ta ƙosa a jiki sai uwar ta rage haihuwa. Barkono da gauta sai an rene su tukuna a wani ɗan kwano ko kwali na mako 5 zuwa 6, a dasa da yamma bayan rana ta yi sanyi. Barkono ɗaya da aka kula da shi yakan wuce shekara yana bayarwa.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma a gidan haya nake: ina filin? Yawancin gidajenmu an shafe tsakar gida da siminti, ɗaki goma sha ne a zagaye, igiyar shanya ta ratsa ko'ina, ga murhu ga turmi ga yara. Gaskiya ne, amma ganye ba ya buƙatar gona. Buhun shinkafa da aka juye, a naɗe bakinsa zuwa rabi, a huda ƙasansa da gefensa wurare da yawa, a zuba ɗan tsakuwa ko gutsattsarin gawayi a ƙasa, sa'an nan a cika da baƙar ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. A ɗora shi a kan bulo biyu don ruwa ya riƙa tsiyayewa, kuma simintin mai gida kada ya yi baƙi a samu abin faɗa. Galan ɗin Kufuor, wato babbar jarkar roba ta ɗibar ruwa, da ya fashe, a kwantar da shi a yanke gefe ɗaya, ya zama fangalin alefu. Tsohon bokiti da baho mai yoyo duk suna da aiki. Abin lura shi ne zurfi da rana: ganye yana wadatuwa da zurfin taƙi ɗaya, kuɓewa da barkono da gauta kuwa suna son buhu cikakke kowanne shi kaɗai, kuma suna son rana ta same su aƙalla awa 6 a yini. Buhu huɗu ko biyar a jikin bango ba za su hana uwargida zuwa kasuwar Kejetia ba, kuma ba na so in yaudari kowa da cewa za su hana. Za su dai ɗauke mata sayen ganye da barkono na yau da kullum, wanda idan aka tara sidin da yake ci a wata ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Maganar ƙasa da taki tana buƙatar a tsaya a kanta. Ƙasar kurmi ruwa yana wanke ta kowace shekara, amfaninta yana can a sama-sama inda ganye ya ruɓe, jar da take ƙasa kuwa ba ta da ƙarfi, ga tsami. Wanda ya ɗebo jar ƙasar da aka haƙo daga ramin gini ya cika buhu, aikin banza ya yi. Mu kuwa a Zongo Allah ya hore mana taki, domin kusan kowane lungu akwai mai kiwon tumaki ko awaki, kuma gabanin Babbar Salla kashin raguna har rasa inda za a zuba shi ake yi, sai a tura shi kwata ya toshe hanyar ruwa. Gidajen kaji ma sun kewaye Kumasi. Amma ɗanyen taki, musamman na kaji, yana ƙona saiwa kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, don haka a tara shi wuri ɗaya da ɓawon doya da na agade da busasshen ganye, a yayyafa ruwa, a rufe, a riƙa juyawa lokaci-lokaci har wata biyu ko uku, sai ya yi baƙi, zafinsa ya fita, warinsa ya koma na ƙasa. Tokar murhu kaɗan tana rage tsamin ƙasa, amma kaɗan ɗin nake nufi, tafi ɗaya a buhu. Garin katako da ake samu a banza a wajen masu yankan katako na Sokoban yana da kyau a shimfiɗa a sama don riƙe danshi, sai dai kada a cuɗa ɗanyensa cikin ƙasa, domin yayin da yake ruɓewa yakan janye abincin da shuka take buƙata, ganye ya yi rawaya. Kuma ina gargaɗi da babbar murya: kada a ɗebi ƙasa daga bola, ko daga inda ake ƙona wayoyin lantarki da fasa batur, ko inda makanikai suke zubar da baƙin mai, komai baƙinta da kyan ganinta. Dalma da sauran guba suna zama a irin wannan ƙasa shekara da shekaru, kuma yara ne suka fi cutuwa da su.

Ruwa ma haka ne. Duk wanda ya san rafin Aboabo da na Subin ya san abin da yake bin su. Masu bincike na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da na cibiyar kula da ruwa ta duniya, IWMI, sun daɗe suna nuna cewa latas da sauran ganyen da ake shayarwa da gurɓataccen ruwan rafi a Kumasi da Accra suna zuwa kasuwa ɗauke da ƙwayoyin cutar ciki da ƙwan tsutsa. Ba na zargin manoman, domin ruwan da suka samu ke nan, amma wannan ma dalili ne na mutum ya shuka abin da zai ci ɗanye da hannunsa. A damina ruwan indararo ya isa: a bar na farko ya wanke kwano ya wuce, a tari na baya a duro, a rufe bakinsa da kyau don kada mu yi kiwon sauro da sunan lambu. Ruwan wankin shinkafa da na ganye duk na shuka ne. Ruwan wanki mai omo da bilic kuwa a nisanta shi. Wani ruwa da nake ganin muna asararsa kullum shi ne na alwala. Masallatanmu ba su ƙirguwa, kowanne sau biyar a rana ake zubar da ruwa mai tsabta ya bi kwata, alhali da an ja shi da ɗan bututu zuwa gindin agade ko zogale ko lemun tsami a gefen masallaci, da ko a tsakiyar hunturu ba za su ji ƙishi ba.

Itatuwa sai mai gidan kansa, ko wanda mai gida ya yarje masa. Mangwaro da piya suna cin wuri, saiwarsu tana iya taɓa gini, kuma sai an yi shekaru ana jira, don haka ban ga dacewarsu da gidan Zongo ba. Gwanda ta fi, domin cikin shekara ɗaya take fara bayarwa, sai dai a sa ta a tudu saboda ba ta jure ruwa ya kwanta a gindinta, kuma a shuka uku ko huɗu tunda wasu maza za su fito waɗanda fure kawai suke yi. Zogale idan ya kai ƙirjin mutum a sare kansa, in ba haka ba zai miƙe ya wuce kwano, ganyen ya fi ƙarfin hannu. Na'ana'a kuwa a ba ta bokitinta ita kaɗai, domin tana bin ƙasa ta mamaye duk abin da ke kusa. Ina mamakin majalisun samarinmu da suke dafa ataya dare da rana suna aika yaro sayen na'ana'a, alhali reshe ɗaya daga wadda suka saya, idan aka soka a ƙasa mai danshi, ya ishe su har abada. Ɗaɗɗoya da ciyawar shayi mai ƙamshin lemo da citta duk suna yi a bokiti. Citta dai sai haƙuri, domin takan kai wata 8 ko 9 kafin a tona.

Babban abokin gabar mai lambu a unguwanninmu ba ƙwaro ba ne, akuya ce. Aikin wata guda takan share shi kafin a idar da sallar Azahar, kuma daga nan sai rigima tsakanin maƙwabta, wanda ya fi asarar ganyen muni. Tun kafin a shuka a yi shinge, ko da na gora ko ragar waya ko tsohon gidan sauro da ya yayyage. Na ce tsoho, domin ba daidai ba ne a ɗauki sabon da aka raba don yara su kwana a ciki a kewaye alefu da shi. A gidan haya kuma a nemi izinin mai gida tukuna, a shaida wa sauran 'yan haya, kuma ranar da aka yi yankan farko a zagaya da shi ɗaki-ɗaki. Wanda ya ci miyar ba zai bari ɗansa ya tuge shukar ba. Su kuma ƙwari, a lambu ƙarami hannu ya fi magani: a duba bayan ganye da safe, a tsince tsutsa da dodon koɗi, a cire ganyen da ya kamu a kai shi nesa. Idan darɓa, wato ƙananan ƙwarin da suke tsotsar ganye, ta yi yawa, a daka 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma. Abin da nake tsoro shi ne maganin da ake saye a kwalbar da ba ta da suna, ko a ɗauko na gonar koko a fesa wa ganyen da za a ci jibi. Maganin koko ba na miya ba ne.

Ya Edita, wannan kira ba sabo ba ne a ƙasar nan. Dattawanmu suna tuna shirin ciyar da kai da gwamnatin Acheampong ta kawo a 1972, lokacin da makarantu da ma'aikatu da bayan gidaje suka cika da shuka, kuma suna tuna yunwar 1983, shekarar fari da gobarar daji da dawowar 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya. An yi shirin shuka don abinci da aikin yi a 2017, ga kuma shirin ciyar da Ghana da Shugaba Mahama ya ƙaddamar a Techiman a watan Afrilun 2025, wanda shi ma ya ambaci lambun gida da na makarantu. Abin da na lura shi ne irin waɗannan shirye-shirye sukan ɗauka cewa mai lambu yana da fili a bayan gida, kuma bayanansu da Turanci ko Twi suke zuwa. Mu kuma, tunda fatauci ne ya kawo kakanninmu, goro da shanu da tufafi, mun gaji ciniki fiye da fartanya, har wasunmu suna ganin shuka aikin mutumin ƙauye ne. Ga shi kuwa ilimin yana kusa da mu: Cibiyar Binciken Amfanin Gona tana Fumesua, ta binciken ƙasa da kwalejin aikin gona suna Kwadaso, duk tafiyar mota ɗaya ko biyu ce daga Aboabo.

Don haka ina roƙon Majalisar Asokore Mampong da ta birnin Kumasi su turo malaman gona cikin Zongo, waɗanda suke jin Hausa, su nuna wa ƙungiyoyin mata da makarantun Islamiyya yadda ake lambun buhu da haɗa taki, ido da ido, ba a takarda ba. Ina roƙon sarakunanmu su nemi ɗan wuri a kowace unguwa inda za a riƙa renon barkono da gauta da zogale ana sayar wa jama'a da araha, domin reno shi ne inda mafi yawan masu farawa suke karaya, kuma sana'a ce ga samari biyu ko uku. Su kuma sa baki a kan sakin dabbobi, a samu tsarin da mai akuya da mai shuka za su zauna lafiya. Limamanmu sun fi ni sanin hadisin da ya nuna cewa duk shukar da Musulmi ya yi, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare ta, sadaka ce a gare shi, kuma huɗuba ɗaya a kan wannan a farkon damina za ta kai inda wasiƙata ba za ta kai ba. Ku kuma a wannan jarida, ina roƙon ku ware ɗan gurbi sau ɗaya a wata, ku nemi malamin gona na nan yankin ya riƙa faɗa mana abin da ya kamata a rena da abin da ya kamata a dasa a watan, bisa ruwan Kumasi da na Accra. Wanda ya tanadi buhunansa da takinsa a cikin Maris, ya shuka da ruwan Afrilu ya zauna, zai fara yankan alefu kafin Mayu ya yi nisa, ayoyo ya biyo baya, kuɓewa kuma ta shigo a Yuni.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam,
Mai karatunku,
Aboabo, Kumasi.